Yadda ake amfani da lissafin kuɗi wajen yanke shawara a aikin gina manhaja

Babu ƙungiyar masu gina manhaja da ayyuka ba su fi ƙarfin lokacinta ba. Mai kamfani yana son sabon abu ya fito kafin ƙarshen wata, mai talla ya riga ya yi wa wani babban kwastoma alkawari, injiniyoyi kuma suna kukan tsohon kod (rubutattun umarnin da manhaja ke aiki da su) ya ishe su. Idan babu ma'auni ɗaya da za a ɗora waɗannan buƙatu a kai, wanda ya fi muƙami ko ya fi ɗaga murya shi ke samun abin da yake so. Ma'aunin da zan nuna maka shi ne kuɗi da mako: nawa aikin zai ci, nawa zai kawo, nawa kuma ake asara duk makon da ba a gama shi ba. Wannan tunani ya daɗe a fagen, domin tun 1981 Barry Boehm ya fitar da tsarin COCOMO na kimanta kuɗin gina manhaja. Kai ba sai ka shiga wannan zurfin ba. Tarawa, ninkawa da rabawa sun ishe ka.

Duk alkaluman naira da za ka gani a ƙasa misali ne na koyarwa, sai ka sa naka a madadinsu.

Abubuwan da za ka tanada

- Shafin Excel ko Google Sheets. Littafi da biro ma sun wadatar.
- Jimillar albashin ƙungiyar da kuɗin gudanarwa na wata: haya, lantarki ko man janareta, data, gyaran kwamfuta.
- Rasitan wata 6 na sabar (kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta ta intanet) da sauran hidimomin da ake biya duk wata.
- Bayanan ciniki: mutum nawa ke biya, nawa kowa ke biya, nawa ke daina amfani da manhajar a wata.
- Tarihin ayyukan baya daga Git (ma'ajiyar kod mai riƙe tarihin gyare-gyare), Trello ko Jira (manhajojin bin diddigin ayyuka), don ka ga ainihin tsawon lokacin da ayyuka suka ɗauka.
- Mutum ɗaya da ke hulɗa da kwastomomi kullum. Wannan ya fi duk sauran muhimmanci, saboda injiniya shi kaɗai ba ya sanin darajar abin da yake ginawa a idon mai biya.

Idan shugabanni ba sa son bayyana albashin kowa, ka nemi jimilla kawai. Idan ita ma an hana ka, yi amfani da matsakaicin abin da ake biyan masu irin aikin a garinku.

1. Fitar da farashin mako ɗaya na ƙungiyarka

A ce ku 4 ne, albashinku duka naira miliyan 2.4 a wata, kuɗin gudanarwa kuma dubu 600. Ke nan miliyan 3 a wata, miliyan 36 a shekara. Kada ka raba da mako 52. Cire hutun shekara, na sallah, rashin lafiya da ranakun da wuta ko intanet suka hana aiki, sai ka ga abin da ya rage bai wuce mako 45 ba. Miliyan 36 raba 45 ya ba ka dubu 800 a mako. Mutum ɗaya dubu 200 ke nan a mako, awa ɗaya kuma naira 5,000 idan ana aikin awa 40.

Rubuta waɗannan alkaluma 3 a saman shafinka. Daga yau, idan wani ya ce "ai ɗan aikin mako 2 ne", kai za ka ji naira miliyan 1.6. Taron awa 2 da ku duka kuka zauna kuma dubu 40 ne.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ce ai albashi dole a biya shi ko an yi aikin ko ba a yi ba, saboda haka lokacin injiniya kyauta ne. Ba kyauta ba ne. Makon da aka kashe a kan wannan aiki, an hana wani aikin shi.

2. Rubuta zaɓi aƙalla 3 kafin ka fara lissafi

Ba a auna abu shi kaɗai. Ga kowace shawara ka rubuta hanyar da aka kawo, da wata hanya mai arha wadda za ta magance rabin matsalar, da kuma barin abin yadda yake. Sau da yawa ta tsakiyar ce ke cin nasara. Kwastoma ya nemi shafin rahoto mai zane-zane, aikin wata guda, amma idan ka zauna da shi sai ka tarar maɓallin sauke bayanai zuwa Excel, aikin kwana 2, ya biya masa buƙata.

3. Kimanta asarar jinkiri

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne kusan kowa ke tsallakewa. Ana ɓata kwanaki ana gardamar tsawon lokacin da aiki zai ɗauka, amma ba a tambayar abin da ake rasawa duk makon da aikin bai isa hannun masu amfani ba. Donald Reinertsen, wanda ya fi kowa yaɗa wannan ma'auni, ya daɗe yana nanata cewa idan abu ɗaya tak za ka auna, to ka auna asarar jinkiri.

Ga kowane aiki, ka zauna da mai hulɗa da kwastomomi ku amsa tambayoyi 4. Shin zai kawo sabon kuɗi? Zai hana kuɗin da ake samu yanzu zubewa? Zai rage abin da ake kashewa? Ko zai kare ku daga wata asara da ke tafe, kamar tara daga hukuma ko karyewar yarjejeniya? Duk amsar da kuka samu, ku mayar da ita naira a mako.

Misali, manhajarku ta lissafin kaya ce ga masu shaguna, kowane shago yana biyan naira 10,000 a wata. Akwai matsalar da ke sa bayanai su ɓace idan intanet ya yanke ana tsakiyar ajiyewa, kuma kuna ganin tana korar shago 5 a wata. Idan shagon da ya zauna yakan kai shekara yana biya, kowane ɗaya da ya tafi ya tafi da dubu 120. Shago 5 dubu 600 ne a wata, wato kimanin dubu 150 a mako.

Za a ce maka wannan ai zato ne. Haka ne, zato ne, amma zaton da aka rubuta ana iya ƙalubalantarsa a gyara, wanda ke cikin kan shugaba kuwa ba mai iya taɓa shi. Idan kun kasa tsayar da adadi ɗaya, ku rubuta mafi ƙaranci da mafi yawa ku ɗauki tsakiya. Idan aikin na hukuma ne ko na ƙungiyar agaji inda ba ciniki ake ba, ku auna da awannin ma'aikata da za a ceto, ko yawan mutanen da ke jiran hidimar, in dai ma'aunin ɗaya ne ga duk ayyukan.

Ka kuma lura da siffar asarar. Wata tana tafiya daidai kowane mako. Wata kuwa babu ita sam sai wata rana ta musamman, sannan ta faɗo gaba ɗaya. Manhajar karɓar kuɗin makaranta da ba ta shirya ba kafin a koma zangon farko ta rasa ribar zangon duka. Irin wannan aiki sai ka ƙirga daga ranar zuwa baya ka ga ranar ƙarshe da za a iya fara shi, ka ƙara masa rara.

4. Jera ayyukan

Raba asarar mako ta kowane aiki da yawan makonnin da zai ɗauka. Wanda ya fi samun maki shi ne na farko. A ce ayyuka 3 ne a gabanku:

- Saka biyan kuɗi ta intanet: asara dubu 300 a mako, aikin mako 6, maki 50.
- Gyaran ɓacewar bayanai: asara dubu 150 a mako, aikin mako 1, maki 150.
- Sabon rahoton ciniki: asara dubu 80 a mako, aikin mako 2, maki 40.

Kowa zai so a fara da biyan kuɗi tunda shi ne babba. Mu gwada. Idan aka fara da shi, zai fito a mako na 6, an yi asarar miliyan 1.8 ana jiransa. Gyaran ya fito a mako na 7, asarar miliyan 1.05. Rahoto a mako na 9, dubu 720. Jimilla miliyan 3.57. Idan kuwa gyaran aka fara, ya fito a mako na 1 da asarar dubu 150, biyan kuɗi a mako na 7 da miliyan 2.1, rahoto yana nan a dubu 720. Jimilla miliyan 2.97. Mutanen ba su canza ba, ayyukan ba su canza ba, mako 9 ɗin ma bai ragu ba, amma sauya jeri kawai ya ceto dubu 600.

Wannan lissafi yana da wata fa'ida da nake matuƙar so. Da zarar mutane sun fahimci cewa gajeren aiki yana samun maki mai yawa, su da kansu za su fara yanka manyan buƙatunsu zuwa ƙanana. Mai neman biyan kuɗi sai ya ce a fara da tiransifa ta banki kawai, kati ya biyo baya.

Gargaɗi: kada a fara duka 3 lokaci guda don a faranta wa kowa rai. Idan aka yi haka, dukansu sai mako na 9 za su fito, asarar kuma ta kai miliyan 4.77. Kod ɗin da aka rubuta bai isa hannun masu amfani ba tamkar atamfar da ɗan kasuwar Kantin Kwari ya jibge a sito ne, jari ya kwanta, ba ciniki, yayi kuma yana wucewa.

Game da tsawon aiki, kada ka dogara da bakin injiniya kaɗai, har da naka. Duba ayyuka 10 na baya, ka kwatanta abin da aka ce da abin da ya faru. Idan aikin da aka ce mako 2 yakan kai 3, ninka duk sabon kiyasi da 1.5.

5. Ginawa ko saye: lissafa rayuwar abin gaba ɗaya

Injiniya yana son gini, kuma idan ya ga hidimar da ake biyan dala 60 a wata sai ya ce zai iya yin irinta. Zai iya ɗin. Tambayar ita ce nawa za ta ci cikin shekara 3. A ce ginin zai ɗauki mutum ɗaya mako 6, miliyan 1.2 ke nan. Bayan haka kula da ita zai riƙa cin yini ɗaya a wata, dubu 40. Idan dala tana naira 1,500, hidimar da ake saye dubu 90 ce a wata. Bambancin dubu 50 ne, don haka sai bayan wata 24 ginin zai mayar da kuɗinsa, ba a ma saka asarar ayyukan da suka jira mako 6 ba. Idan aka saka wannan asarar, a irin wannan saye ya fi.

Sai dai ga wanda ke karɓar kuɗi da naira yana biyan sabar da dala, akwai layin da dole ya ƙara. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Kamfanonin da ke biyan masu ba da hayar sabar irin su AWS na Amazon ko Google Cloud sun ga kuɗin sabar ya ninka fiye da sau 3 ba tare da sun ƙara ko na'ura ɗaya ba. Saboda haka kowane kuɗin dala ka lissafa shi sau 2, da canjin yau da kuma ninkinsa. A misalinmu, idan canji ya ninka, hidimar ta koma dubu 180, ginin kuma ya mayar da kuɗinsa cikin kusan wata 9. Idan amsa tana juyawa haka, mafita ita ce ka saya yanzu amma ka tsara kod ɗinka yadda duk hulɗa da hidimar take a wuri ɗaya, don ranar da za a sauya ba sai an tono ko'ina ba. Waɗanda ke Nijar suna da ɗan sauƙi, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, hidimar da ake biya da yuro ba ta yi masu irin wannan tsalle.

Girma ma yana juya amsa. Dropbox, kamfanin ajiye fayiloli a intanet, ya fara ne da hayar ma'ajiyar Amazon, sai da ya girma sosai ya kwashe mafi yawan bayanansa zuwa na'urorinsa, kuma takardun da ya gabatar a 2018 lokacin shiga kasuwar hannun jari sun nuna ya rage kuɗin da yake kashewa da kusan dala miliyan 75 cikin shekara 2. Farawa da haya daidai ne a lokacinsa, ƙaura ma daidai ce a nata lokacin. Kada ƙungiyar mutum 4 ta kwaikwayi matakin ƙarshe na babban kamfani.

Abin da ya bambanta manhajarku da ta kowa, wanda saboda shi ake biyan ku, shi za ku gina da hannunku. Karɓar kuɗi da kati kuwa, Paystack da Flutterwave sun riga sun yi, kuma ɗaukar nauyin tsaron bayanan katin mutane ba ƙaramin kaya ba ne.

6. Auna bashin kod da abin da yake ci duk mako

Wani masanin manhaja, Ward Cunningham, ne ya kira kod ɗin da aka rubuta a gaggauce bashi a 1992: ka bi gajeriyar hanya don ka fito da wuri, sai ka riƙa biyan ƙari duk lokacin da ka taɓa wurin. Idan kana so shugaba ya ba da lokacin gyara, kada ka ce masa kod ɗin ya yi muni, domin ba ya ganinsa. Nuna masa ƙarin da ake biya.

A ce duk mako mutum ɗaya yana kashe awa 6 yana ɗora sabon sigar manhaja a sabar da hannu, dubu 30 ke nan. Sarrafa aikin ya riƙa yin kansa zai ci mutum ɗaya mako 2, dubu 400, ya rage awannin zuwa 1. Ana ceto dubu 25 a mako, kuɗin ya dawo cikin mako 16. Ba shugaban da ya san kasuwanci da zai ƙi wannan.

Lissafin yana yanka ta ɗaya gefen ma. Mummunan kod da ke aiki lafiya kuma ba a taɓa shi ba tun bara, ba ya cin komai, a bar shi. Duba tarihin Git ka fitar da fayiloli 10 da aka fi gyarawa cikin wata 6, ka ga waɗanda a cikinsu matsala ta fi fitowa. Can bashin mai tsada yake.

7. Saka haɗari cikin lissafi

Ninka yiwuwar faruwar abu da girman asararsa. Idan kana ganin akwai kashi 10 cikin 100 na yiwuwar rumbun bayananku ya lalace cikin shekara, asarar kuma miliyan 20 ce, to haɗarin yana cin miliyan 2 a shekara. Tsarin ajiye kwafi na dubu 300 a shekara ya zama mai arha ƙwarai. Ka tabbatar kuma ana gwada dawo da bayanan daga kwafin lokaci zuwa lokaci, domin akwai masu ajiyewa shekara da shekaru, ranar buƙata su tarar fayil ɗin ba ya buɗuwa.

Wannan ninkawa tana aiki ne ga asarar da kamfani zai iya ɗauka ya ci gaba. Wadda za ta rufe shi gaba ɗaya ba a yi mata matsakaici. Kamfanin cinikin hannun jari na Knight Capital a Amurka ya ɗora sabon kod a kan sabar 7 cikin 8, ranar 1 ga Agustan 2012 kuma ta takwas ta tayar da wani tsohon kod da aka daina amfani da shi amma ba a goge ba. Cikin kimanin minti 45 kamfanin ya yi asarar wajen dala miliyan 440, bai kuma sake tsayawa da ƙafarsa ba. Duk abin da ya shafi kuɗin mutane, bayanan sirrinsu ko lafiyarsu, ka biya kuɗin kariyarsa ko da lissafi ya nuna yiwuwar kaɗan ce.

A ɗaya ɓangaren, kada a wuce gona da iri. Manhajar da ke aiki kashi 99.9 cikin 100 na lokaci tana tsayawa kusan awa 9 a shekara. Mai kashi 99.99 kuwa kimanin minti 53. Tsallakawa daga ta farko zuwa ta biyu yana buƙatar ƙarin sabar da mutanen da za su kwana da waya a kunne. Idan masu shagunan da ke amfani da manhajarka suna rasa sabis na waya fiye da haka a wata ɗaya, ba za su ma lura da bambancin da ka kashe kuɗi a kansa ba.

8. Cire kuɗin da ya riga ya tafi

Aiki ya ci wata 5, bai ƙare ba, sai ka ji an ce "bayan duk wahalar da muka sha ba za mu bar shi ba". Wata 5 ɗin sun tafi ko an ci gaba ko an tsaya, don haka ba su da gurbi a shafinka. Tambaya biyu ce kawai: daga yau nawa ya rage a kashe, me kuma za a samu idan an gama? Sai a ba shi maki kamar kowane sabon aiki, ya shiga layi. Hukumar FBI ta Amurka ta kashe kimanin dala miliyan 170 a kan manhajar Virtual Case File kafin ta haƙura da ita a 2005. Na san dakatar da aikin da mutane suka zuba ransu a ciki yana da ciwo, shi ya sa ya kamata tun ranar farawa a rubuta sharaɗin da idan ya cika za a tsaya, lokacin da zuciyar kowa ba ta ɗaure da aikin ba tukuna.

Shawara biyu ne ke yawan fitowa idan aiki ya cije, kuma dukansu suna da tsadar da ba ta bayyana da wuri. Ta farko, a ƙaro mutane. Fred Brooks ya yi gargaɗi tun 1975 cewa ƙara ma'aikata a aikin manhajar da ya makara yana ƙara masa makara. Sabon zuwa sai an koya masa, kuma hanyoyin tuntuɓa tsakanin mutum 5 guda 10 ne, tsakanin mutum 10 kuwa 45. Ta biyu, a zubar da komai a sake rubutawa daga farko. Netscape, mai manhajar buɗe shafukan intanet, ya ɗauki wannan hanya a 1998, siga ta 5 ba ta taɓa fitowa ba, ta 6 sai Nuwamban 2000, a tsakanin nan abokin hamayyarsa Internet Explorer ya mamaye kasuwa. Idan wani ya kawo wannan shawara, ka sa ya lissafa asarar jinkirin duk ayyukan da za su tsaya har a gama, sannan ku kwatanta da sauya manhajar sashe-sashe tana ci gaba da aiki.

9. Bar sarari a jadawali

Shugaba yakan ga kamar hasara ce injiniya ya zauna ba aiki a hannunsa. Lissafin layin jira ya nuna akasin haka. A tsari mafi sauƙi, inda ayyuka ke shigowa ba tsammani, idan mai aiki yana cike kashi 50 cikin 100, sabon aiki yakan jira kwatankwacin tsawon aiki 1. A kashi 80 jiran ya zama ninki 4, a kashi 90 ninki 9, a kashi 95 ninki 19. Tunda yanzu ka san farashin jira, ka tsara aikin da bai wuce kwana 4 cikin 5 ba, ragowar na matsalolin gaggawa ne da duba kod ɗin juna.

10. Rubuta shawarar a shafi ɗaya, ka sa ranar dawowa kanta

Ba kowace shawara ce ta cancanci wannan zama ba. Wadda za a iya janyewa cikin kwana ɗaya, kamar launin maɓalli ko ƙaramin laburaren kod, a yanke ta nan take. Wadda ke da wuyar janyewa, kamar nau'in rumbun bayanai, yarjejeniyar shekara 3 da mai sabar ko tsarin farashi, ita ake zaunawa a kai. Ƙa'idata ita ce kada lokacin nazari ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin aikin: aikin miliyan 1.6 bai cancanci nazarin da ya haura dubu 80 ba, wato awa 16 na mutum ɗaya.

A shafin ka rubuta matsalar, zaɓuɓɓukan da aka duba, alkaluman da aka yi amfani da su, wanda aka zaɓa, da zato ɗaya ko 2 waɗanda idan suka karye shawarar ta rushe, misali "muna ɗaukan shago 5 ke tafiya a wata saboda ɓacewar bayanai" ko "muna ɗaukan dala ba za ta wuce kaza ba". Ajiye shafin a cikin Git tare da kod, don sabon ma'aikaci ya ga dalilin da ya sa abubuwa suke yadda suke. Bayan wata 3 ku buɗe shi ku duba: shagunan sun daina tafiya? Aikin mako 1 ɗin mako nawa ya ci? Idan kiyasin ya kauce, ku gyara adadin da kuke ninka kiyasi da shi a mataki na 4, sannan ku sake ba ayyukan da ke layi maki da sababbin alkaluman.